Gidan Su Kawu a Ƙetaren Rafi

Kawu mai gyaran agogo ne. Haka duk layinmu suka san shi, kuma haka na tashi na same shi: zaune a kan benci a bakin shagon wani mai sayar da takalma, ɗan akwatin gilashi a gabansa, ido ɗaya a kanne, ɗayan kuma maƙale da wani ɗan madubi mai kama da murfin kwalba. Wan mahaifiyata ne. Bai taɓa mallakar shago ba. Rumfar mai takalman ce ta yi masa inuwa tun yana saurayi har kansa ya yi fari. A cikin akwatin akwai agogunan da masu su suka kawo suka manta, da ƙananan kusoshi a cikin gwangwanin madara, da hantsaki, da wani tsohon buroshin haƙori da yake share datti da shi.

Uwata yake kirana, wai na ɗebo goshin mahaifiyarsa. Ni ban san ta ba. Mahaifiyata ma ba ta san ta ba, domin tana goye aka yi rashin. Saboda haka duk abin da danginmu suka sani game da matar, daga bakin Kawu ya fito, kuma ba shi da yawa: doguwa ce, tana da goshi, ba ta son karnuka.

Wannan na ƙarshen shi ya fi ba shi dariya, domin a tsakiyar karnuka ta yi zaman aurenta. Ba a gari aka haifi Kawu ba. An haife shi ne a wani ɗan ƙauye cikin dajin da yanzu ya zama gandun gwamnati. A wancan zamanin dajin wurin farautar masu sarauta ne, babu talakan da ya isa ya harbi ko kurciya a cikinsa. Ƙauyen ma don hidimar farautar aka kafa shi. Akwai masu koro namun daji, da masu share hanya, da masu fiɗa. Mahaifin Kawu shi ne mai kula da karnuka.

"Karnukan nan sun fi mu cin nama," in ji shi. "In kare ya yi atishawa, hankalin babanmu ya tashi ke nan. In ni na yi zazzaɓi, sai ya ce in je in zauna a rana."

Mahaifiyarsa ta rasu da damina, aka rufe ta a bayan gida, ƙarƙashin wani ɓaure, kusa da dangar karnukan. Ba a daɗe ba zamani ya juya, farauta ta ƙare, gwamnati ta karɓe dajin. Wata safiya manyan motoci suka shigo, aka loda mutane da tukwanensu da tabarminsu aka kai su bakin gari. Karnukan kuwa a wata motar daban aka tafi da su, babu wanda ya san inda aka kai su. Mahaifinsa ya sami gadi a wani kamfanin katako, bai yi nisa ba shi ma ya bi matarsa. Kawu ya shiga koyon gyaran agogo, ya riƙe ƙanwarsa har ya aurar da ita. Ya yi aure shi ma, da wata mata mai sanyin hali da muke kira Inna. Allah bai ba su haihuwa ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga maganar ba.

Sana'ar ta ci da shi, ta tufatar da shi, har lokacin da waya ta shigo hannun kowa. Mutane suka daina tambayar lokaci a wuyan hannu. Kawu bai daina fita ba. Kullum sai ya yi wanka ya sa hula ya je ya buɗe akwatinsa, ko da batir ɗaya zai canja a yini. Daga baya Inna ta rasu, mahaifiyata ta biyo bayanta, sannan idanunsa suka fara.

Ni a ɗakin magani na wani asibiti nake aiki, daga safe zuwa yamma ina miƙa wa mutane ƙwayoyi ta taga. Da na kai shi wurin likitan ido aka ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi ɓarna, na san abin da ake nufi tun kafin likitan ya gama zagaye-zagayensa. Abin da ya tafi ba ya dawowa. Maganin ɗigawa sai dai ya rage wa sauran gudu. Na kwaso shi da akwatinsa na dawo da shi gidana, ɗakin da ke kusa da ƙofa. Ganinsa ya riƙa tsukewa daga gefe-gefe. Ya ce kamar mutum yana leƙen duniya ta cikin bututu.

Gandun dajin ba shi da nisa sosai da mu, kuma an daɗe da buɗe shi ga masu yawon buɗe ido. Sau da yawa a baya mun ce mu kai shi, ya ƙi.

"In yanki tikiti in shiga gidanmu?" yake cewa. "Ku dai ku je ku ga birai."

Sai ga shi wata rana ina ɗiga masa magani, kansa a jingine da bango, ya ce, "Uwata, kafin fitilar nan ta ƙarasa mutuwa, ki kai ni in ga inda aka rufe tsohuwar."

Na kira ƙanena Auta, wanda gemunsa ya fara furfura amma har gobe Auta ne, yana tuƙa tasi. Ya ce bari damina ta wuce tukuna. Kawu ya ce shi idonsa bai san damina ba. Muka sa rana.

Tun da sassafe ya shirya. Ya sa farar rigarsa mai aljihu a ƙirji, ya ɗaura agogo, duk da ba ya iya karanta shi sai ya kawo shi dab da hanci. A hanya ya yi ta surutu, abin da ba halinsa ba ne. Ya tsokani Auta a kan ƙarar da motar take yi.

"Wannan in agogo ce, da na ce wa mai ita ya yi haƙuri ya sayi wata."

"Kawu, ai ita ke ci da ni."

"To ka riƙa ci da ita ita ma."

A ƙofar gandun akwai dogon ƙarfe da aka gitta, da ɗan ofis mai fentin kore. A ciki fanka tana juyawa a hankali, ga taswirar dajin a bango, rana ta cinye launinta. Wata ma'aikaciya ta karanta mana dokoki: ba a sauka daga mota sai inda aka ware, ba a ba dabba abinci, ba a tsinkar ko ganye, ba a shiga sai da mai gadin daji. Kawu ya saurara da hannuwansa a baya, yana gyaɗa kai kamar ɗan makaranta. Aka haɗa mu da wani mai gadi da abokan aikinsa ke kira Dogo. Sai da ya lanƙwashe kafin ya shiga gaban motar.

Na gaya masa abin da ya kawo mu. Ya juyo ya dubi Kawu, ya cire hularsa ya gaishe shi sosai.

"Baba, ashe kai ne mai gida, mu ne baƙi."

"A'a, ɗana. Mai gida ba ya tambayar hanya."

Dogo ya ce ya ji labarin an taɓa yin ƙauye a ciki, can ƙetaren rafi, amma tun kafin a haife shi ne. Ya ce mu fara tsayawa a tsohon masaukin mafarauta, tunda a kan hanya yake.

Masaukin ginin dutse ne mai faffaɗar baranda. An mayar da shi wurin ajiye kayan tarihi. Ƙahonnin namun daji a jere a bango, tsofaffin bindigogi a cikin gilashi, dogon tebur da kujerun da aka kewaye da igiya don kada a zauna. Kawu ya tsaya a bakin matakala bai hau ba.

"Mu ba ma wuce nan," ya ce. "Ta baya muke zagayawa."

Auta ya kama hannunsa ya hau da shi. A ciki ya riƙa juya kai a hankali, yana bin ɗakin da ɗan ganin da ya rage masa. Ya ce ya ɗauka ya fi haka girma.

A bangon ƙurya akwai tsofaffin hotuna marasa launi. Ɗaya daga ciki na wasu manyan mutane ne a zaune da bindigogi a kan cinya, ga abin da suka kashe a shimfiɗe a gabansu. An rubuta sunayensu a ƙasa. A gefen hoton wani mutum yana tsaye riƙe da igiyoyin karnuka, katakon hoton ya cinye rabin kafaɗarsa. Shi ba a rubuta komai a kansa ba. Sai na tuna mahaifin Kawu. Na jawo Kawu.

Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ja baya. Ya sake matsawa. Ya laluba aljihun ƙirjinsa ya ciro ɗan madubin aikinsa, ashe ya taho da shi, ya maƙala a ido. Ya daɗe a haka.

"Hazo kawai nake gani. Uwata, duba mini. Yana da tabo a nan?" Ya shafa gefen girarsa.

Na duba. Fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma mutumin ya motsa lokacin ɗauka.

"Ba na iya ganewa, Kawu."

"Hannunsa na hagu fa? Ƙaramin yatsan a guntule yake, kare ya cije shi."

"Igiya ta rufe hannun."

"Gajere ne?"

"Kamar dai. Amma a ɗan sunkuye yake."

Ya cire madubin daga ido. Na so in ce masa shi ne. Babu wanda zai ƙaryata ni. Amma Kawu mutum ne da ya yi rayuwarsa yana gaya wa mutane gaskiyar abin da ke cikin agogonsu, na kasa. Wani mutum da iyalinsa suka zo bayanmu, ya ce don Allah baba ya ɗan gusa za su ɗauki hoto. Kawu ya gusa, har da ba su haƙuri.

Daga nan hanya ta zama ta ƙasa. Itatuwa suka haɗe a samanmu, motar ta yi ta tangaɗi a cikin caɓi. Dogo yana nuna mana abubuwa saboda sabo: ga gada can ta tsallaka, ga birai a kan reshe. Kawu ya sa Auta ya sauke gilashi, ya fitar da fuskarsa. Ya ce a wancan lokacin nan duk fili ne, ana ƙone ciyawa kowace shekara don manya su hango nama daga nesa. Ya ce akwai wani dutse mai kama da raƙumi a durƙushe, in mun gan shi mu karya dama. Muka yi ta dubawa. Dogo ya ce shi bai san dutse irin wannan ba, amma mai yiwuwa kurmi ya rufe shi.

"Ko kuwa hagu ne," in ji Kawu, a hankali. "Daga gida nake lissafi, ba daga nan ba."

Sai hanya ta ƙare. A gabanmu ga rafi ya cika ya yi ja, yana gudu da rassan itace. Ginshiƙan gada suna tsaye a cikin ruwan, amma babu gadar. Dogo ya dafe kai. Ya ce bai san ruwan ya tafi da ita ba, an daɗe ba a tura shi wannan ɓangaren ba. Ya kira ofis ta rediyon hannunsa. Aka ce eh, ta karye, an kai rahoto. Wata hanyar fa? Aka ce wadda ta zagaya ta arewa a rufe take, ɓangaren na kiwon dabbobi ne, ko ma'aikaci sai da izini daga sama.

Kawu ya buɗe ƙofa ya sauka. Dogo ya buɗe baki zai tuna masa doka, sai ya fasa, ya sauka shi ma. Muka bi shi zuwa bakin ruwan.

"Wannan ba rafinmu ba ne," ya ce. "Namu siriri ne. Akwai falalen dutse da mata suke wanki a kai."

"Baba, da rani shi ma siriri ne," in ji Dogo. "Kuma ruwa yana canja hanya. Amma gaskiya akwai wani rafin a gaba, ban sani ba ko shi kake nufi."

"Ka taɓa ganin kufai a can?"

"Na taɓa ganin fasassun tukwane. Amma ba a wuri ɗaya ba."

"Ɓaure fa? Babba, mai reshe ɗaya da ya kwanto ƙasa."

Dogo ya dubi ƙetaren. Ni ma na duba. Itatuwa ne kawai a cunkushe, kore a kan kore.

"Ɓaure yana da yawa a nan, Baba."

Ban ankara ba sai na ga Kawu ya tuɓe takalmansa ya tattare riga. Ya sa ƙafa ɗaya a ruwa. Auta ya yi wuf ya rungumo shi ta baya.

"Sake ni. Na sha ƙetare shi da kare a kafaɗa."

"Ba zan sake ka ba, Kawu."

"Ni kake gaya wa haka? Ni na yi maka kaciyar hankali, yaro."

"Ko me za ka ce, ba zan sake ka ba."

Ya ɗan yi kokawa, amma babu ƙarfi. Auta ya ce daga baya kamar ya riƙe damin kara. Can sai jikinsa ya saki. Ya tsaya yana haki, ƙafa ɗaya a jiƙe, taɓo har idon sawu. Ni kuwa ina tsaye da jakata cike da magungunansa, da ruwan sha, da lemar da na ɗauko don kada rana ta dame shi, babu ko ɗaya da ya yi amfani.

Ya ce to a bar shi ya yi mata addu'a daga nan. Ya ɗaga hannuwa, sai kuma ya sauke.

"Ina fuskantar wurin daidai?"

Muka dubi Dogo. Ya dafa kafaɗun Kawu ya ɗan juya shi zuwa dama.

"Ta nan na fi zato, Baba."

Kawu ya yi addu'arsa, mu ma muka ɗaga hannu. Ba ta yi tsawo ba. Da ya shafa, Auta ya durƙusa ya wanke masa ƙafa da ruwan gorar, ya sa masa takalmi. A hanyar dawowa Dogo ya karɓi lambar wayata ya ce in ruwa ya janye zai neme mu. Na ba shi ne kawai don kada in gwale shi.

Bayan mun dawo Kawu bai sake ɗaga maganar dajin ba. Maƙwabta suka shigo yi masa sannu da hanya, suka tambaye shi yaya gida. Ya ce, "Lafiya lau, sun gyara wurin." Ya koma zamansa a bakin ƙofa da rediyo. Kafin sanyi ya fita sauran ganin ya tafi. Wata safiya kuma na kai masa shayi na tarar kofin ba ya zama a hannunsa, bakinsa ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Mun yi kwanaki a asibitin da nake aiki, abokan aikina suna ta yi mini kara, sannan aka sallame mu da keken guragu da bayanin yadda za a riƙa juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Maganarsa ta dawo, amma da nauyi.

Da tsakiyar rani wayata ta yi ƙara ina shanya zannuwan gadonsa. Dogo ne. Ya ce ruwa ya ƙafe, ana ƙetarewa da ƙafa, kuma ya nemo mana izini. Na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi salati, sannan ya ce shi yanzu haka yana ƙetaren, in Baba zai iya yi masa kwatance, zai duba.

Na shiga ɗaki na buɗe muryar wayar na ajiye a kan matashi kusa da kunnen Kawu. Suka gaisa. Kawu ya fara kwatance, ina maimaita abin da bai fita ba. Daga falalen dutse a miƙe. A wuce rijiya. Gidan mai fiɗa, sannan nasu. Muna jin takun Dogo a kan busasshen ganye, da numfashinsa, da kukan tsuntsaye. Ya ce ya sami falalen dutse, amma guda biyu ne. Ya bi na farko bai ga rijiya ba. Ya dawo ya bi na biyu, ya tarar da wani rami da ƙasa ta cike, ya ce zai iya zama rijiya, zai iya zama ramin dabba. Ya ga kututturen wata babbar itaciya da gara ta cinye, bai iya gane ko ɓaure ba ne. Muryarsa tana yankewa tana dawowa.

"Bari in ƙara gaba kaɗan, Baba."

Kawu ya motsa hannunsa mai lafiya ya taɓa ni.

"Ce masa ya koma. Rana ta yi zafi, kuma shi kaɗai ne."

Na faɗa wa Dogo. Ya ce babu komai, zai sake gwadawa wani lokaci. Kawu ya ce a gaya masa Allah ya yi masa albarka, ya gaida mutanen gidansa. Na kashe wayar.

Na zauna a bakin gadon. A waje wani mai sayar da ruwa yana ta buga ƙarfe a jikin kurarsa. Kawu ya daɗe idanunsa a buɗe suna kallon rufin ɗaki.

"Uwata."

"Na'am, Kawu."

"Wannan gefen ya gaji. Kira Auta ku juya ni."

Auta yana wurin aiki, ba zai dawo ba sai yamma. Na naɗe hannun rigata, na sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa, na ce ya riƙe wuyana.